Tunkun da Aka Yi wa Ƙazafi

Ranar Litinin, goma sha huɗu ga watan Yuli, 2025, da ƙarfe biyar na yamma, aka fara yi wa wani bawan Allah ƙazafi a wani layi da ke Gwagwalada. Wanda aka yi wa ƙazafin tunku ne.

Hajiya Zuhra ta dawo daga ma'aikatar da take aiki a cikin gari, ta watsa wa kajinta dawa, ta ga babu jan zakara. Ba jini a ƙasa, ba gashi ko ƙwaya ɗaya. Ranar Juma'a baƙin zakara ya bi bayansa. Laraba ta zagayo, aka nemi zakara mai launin wake-wake aka rasa. Kaji mata da 'yan tsakinsu kuwa suna nan lafiya lau.

Washegari ta kira Ishaya, mai ɗana tarko daga Tungan Maje. Ya iso a babur da kejin waya ɗaure a baya, irin mai ƙofar da ke faɗowa da zarar dabba ta taka farantin da ke ciki. Ya zagaya tsakar gidan sau ɗaya tak, ya tsuguna, ya shinshina ƙasa.

"Madam, zakara naka tunku ne ya kwashe. Shekara ashirin ina kama su."

Maƙwabcinta, Malam Badaruddeen, tsohon shugaban makarantar firamare, ya leƙo ta kan gajeriyar katangar da ta raba gidajen, da tsinken sakace a bakinsa.

"Tunku yana barin gashi a inda ya yi ɓarna. Ina gashin? Kuma me ya sa zai bar 'yan tsaki ya ɗauki manya?"

Ishaya ya ce, "Baba, a aji nawa ake koyar da tunku?"

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Hajiya ta ce, "Malam, kai dai ka ji da alayyahonka." Ya kamata a sani cewa a kan wannan alayyahon Malam ya rubuta mata takarda har uku tun farkon damina, kowace da kwanan wata da sa hannu, yana sanar da ita cewa zakarunta suna tsallake katanga. Ba ta amsa ko ɗaya ba.

Ishaya ya goge kejin da ƙasa don ya kashe warin hannun mutum, ya saka busasshen kifi a can ƙurya, ya lulluɓe shi da ganye a gindin katanga.

A kwana shida tarkon ya kama kyanwar mai shago, ya kama gafiya, ya sake kama kyanwar mai shago. A cikin kwanakin ne farin zakara, na huɗu, ya ɓace da rana tsaka, tarko yana ɗane taku goma daga inda yake kiwo. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani.

Rana ta bakwai wani tunku ya zo wucewa, ya ji ƙamshin kifi, ya shiga. Ƙofa ta faɗo. Ɗan ƙarami ne, ramamme, kunnensa ɗaya a yage. Da za a ɗora shi a sikeli da jan zakara, bai kai rabinsa ba.

Daga ranar ba a sake rasa zakara ba, mutanen layi suka ce ai hujja ta tabbata. Ɗan aji huɗu ma zai fara tambayar zakara nawa suka rage a gidan. Babu ko ɗaya.

Hajiya ta sa aka fito da kejin ƙofar gida. Ta ɗauki hotonsa, ta tura wa zauren WhatsApp na mazauna layin, ta rubuta a ƙasa: "An kama jahilin ɓarawo, ƙazami, mara tarbiyya." Mutum talatin da ɗaya suka yi mata barka. Ishaya ya ce ranar Asabar zai dawo da wuƙa ya feɗe shi, a shanya fatar a kan katanga don 'yan uwansa su gani.

Kwana biyu ke nan tunkun yana cikin rana. Malam Badaruddeen ne kaɗai ke zura masa ruwa a murfin gwangwani. Ya nemi a saurare shi, aka ce masa tsufa ne. Ya rubuta a zauren cewa ba a hukunci sai an yi bincike, wani ya amsa masa da hoton akuya tana dariya.

Gobe ce Asabar. Saboda haka ni, Badaruddeen, nake gabatar da buƙatu uku. Na ɗaya, Ishaya ya mayar da tunkun nan daji da fatarsa a jikinsa. Na biyu, ya daina cewa ya san aikin tunku. Na uku, Hajiya Zuhra ta tsaya a ƙofar gidanta, a gaban mutum talatin da ɗayan nan, ta janye kalmominta ta nemi afuwa, musamman "jahili" da "ƙazami". Wanda ya cinye zakarun nan huɗu shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, sai da ya ba da gargaɗi sau uku a rubuce, ya yanka kowanne da bisimilla, kuma ni na binne gashin tsaf a ƙarƙashin alayyahona.