Shuɗi da Ruwan Ɗorawa

"Baba, ka cire ta kawai," in ji malamin kwamfutar 'yata a Gyaɗi-Gyaɗi. "A rubutun manhaja, ja kuskure ne, kore daidai. Ita ba ta bambance su."

Na ce, "Malam, ba inda za ta."

Na koma gida. Na tarar ta tsara wa rubutun launukanta: kuskure ya koma ruwan ɗorawa, daidai ya koma shuɗi.

Ta ce, "Baba, nuna min kuskuren."

Nan take na ɗora yatsa. Tun kafin soja su koma bariki nake tuƙi, da saman danja da ƙasanta nake gane ja da kore.

"Ɗauko mayafinki," na ce. "Mu koma wajensa."