Tsamiyar Iya Kande

Tun da aka kafa dokar hana ɗora sola a rufin da inuwa ke taɓawa, gatari bai huta ba a Gidan Zomo. Ranar Talata Tanimu mai haɗa sola ya iso gidan Iya Kande, masu saran itace na biye da shi, riƙe da fentin yi wa bishiyar da za a sare alama. Sau uku yana ɗaga na'urar awon inuwa, sau uku tana nuna ja.

"Tsamiyar nan ce, Iya. Da la'asar tana rufe kwanonki."

"Ita kaɗai ta rage a unguwar nan, ɗana."

"Na sani. Amma allurar ciwon sukarinki sai da firiji, kuma motarmu ba za ta dawo ba sai bayan shekara biyu."

Iya Kande ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Ta zagaya bishiyar tana tsallake tabarmin maƙwabtan da zafi ya koro inuwarta. Babu wanda ya ɗago ya dube ta.

"Gida tara ke jirana, Iya."

"Miƙo fentin."

Da hannunta ta shafa wa tsamiyar jar alama. Sannan ta roƙi masu saran su dakata, sai jaririyar maƙwabciyarta da ke barci a inuwar ta farka.