Babu Buƙata

Uwar Sito ta zura hannu cikin gurbin maganin har ta taɓo bango, ba ko kwali ɗaya. A nan ake ajiye ƙwayar da masu dashen ƙoda ke sha don kada jiki ya kori baƙuwar ƙodar. A duk asibitin mutum ɗaya ke karɓarta, ƙanenta Auta mai aski, wanda ƙodarta ta hagu ke aiki a cikinsa.

Da can ita ke duba abin da ya ragu ta yi oda da hannunta. Yanzu an kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, ita ke lura da abin da ke fita, ta hasashi abin da za a nema, ta yi oda, ta kwashe wanda ya daɗe a ajiye ta tura wani reshe. Ma'aikata sun raɗa mata Malam Na-Sani. Uwar Sito kuwa an bar mata ɗaga kwali da sa hannu, kamar ba ita ta tsufa a ɗakin ba.

Ta buga sunan maganin. Allon ya ce: babu buƙata. Ta sake bugawa da ƙarfi, har da tsaki. Babu buƙata.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don a lissafinta na hannun Auta ya kusa ƙarewa, kuma wannan ba maganin da ake tsallake wa rana ba ne. Ga shi yaron ya samu kansa. Bayan dashen ya daɗe zaune a gida, ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa sai ya zubar, amma a bana ya koma shagonsa, har layi ake yi masa. Ƙafarsa ce kawai ke ɗan kumbura, ya ce tsayuwa ce.

Ta sauka tagar ba da magani. Mai tagar, wadda kullum bakinta ba ya hutawa, ta duƙufa tana jera kwalaben da suke a jere.

"Yaya, ni dai abin da aka turo nake bayarwa. Ki yi magana da Auta mana."

"In ce masa me? Ƙarfe ya yanke masa hukunci?"

Ta je ta sami injiniyan na'urar da waya a kunne da biredi a baki. Ya fara da cewa ai na'urar daga abin da take gani take koyo, ba ta ƙirƙira daga kanta. Ba ta bari ya kai aya ba. Ta wanke shi tas, ta haɗa da na'urar da wanda ya sayo ta. Da ya samu sarari, abin da ya iya faɗa kawai shi ne an tura ragowar maganin zuwa reshen bayan gari.

Shugaban sashe ya ce ta rubuto takarda. Ta rubuta. Ya ce a jira zaman kwamiti. Nan ta ji kamar ta fasa ihu, sai ta ɗauki jakarta ta fice ba sallama.

Mota biyu ta shiga kafin ta kai reshen. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta sake roƙo, har mai siton can ya gaji ya miƙo mata kwali ɗaya don ta ba shi lafiya. Ta rungume shi a ƙirji duk tsawon hanya.

Auta na tsakiyar gyara wa wani mutum saje da reza lokacin da ta shiga shagon. Ta dire kwalin gaban madubi tana haki.

"Ga shi, Auta. Saura ƙiris shegiyar na'urar nan ta kashe min kai. Wai babu buƙata!"

Bai juyo ba. Ya ƙarasa layin sajen tsaf, ya goge rezar, sannan ya dube ta ta cikin madubi da idanu da suka kumbura.

"Ki mayar musu, Yaya. Shi ke sa hannuna rawa, tun ranar da na sake buɗe shagon nan ban sake zuwa karɓa ba."