Makirufo a Aljihun Baba

Bakin Baba na motsi a allon kwamfuta, amma ko tari ba a ji. Shekara uku 'yarsa ta yi tana lallashinsa kafin ya yarda ta ɗauki tarihin rayuwarsa, kuma ya rantse ba zai sake zama ba.

Ta sake loda bidiyon cikin manhajar tacewa, ta sauya masa tsari, ta canza lasifika. Shiru kake ji.

"Karatun bokon naki ke nan?" in ji Baba daga bayanta.

"Baba, ina kuka kai makirufon da na maƙala muku a wuyan riga?"

"Aljihun ciki na sa shi. Abu mai tsada, in bari ya faɗi?"

Ta ƙure sautin. Sai ga wani bugu a natse, dum, dum: zuciyar dattijon da kullum ke cewa mace ba ta taɓa girgiza shi ba. A minti na tara Mama ta gifta cikin hoton ɗauke da shayi, nan take bugun ya ninka.

"Na'urar ce ta lalace," in ji Baba.

Mama ta jawo kujera ta zauna. "Mayar min baya, in sake jin lalacewar."