Kariyar Maƙwabci a Hannun Mai Lambu

Tunda ka ce kai ba ka ga laifin yawan kulawa ba, gyara zama ka ji labarin wani mai lambu. A fadama ya tashi, a fadama ya yi furfura, hannunsa kuwa akwai albarka: latas, tumatir, albasa, duk abin da ya dasa sai ya yi. Karatunsa a kan shuka ɗaya ne tak, in ganye ya langaɓe ƙishirwa ce, a ba shi ruwa. Karatun nan bai taɓa ba shi kunya ba. Yana da maƙwabci, wani dattijo maɗinki, mai kariya guda a tukunyar ƙasa a tsakar gida, irin itaciyar nan ta kan duwatsu mai ƙaton gindi da jan fure. Marigayiya matarsa ce ta zo da ita daga garinsu ta dasa da hannunta, shi ya sa ko akuya ta matso kusa da tukunyar sai unguwa ta ji muryar tsohon. Da 'ya'yansa suka tashi kai shi birni a yi masa aikin ido, bai ga wanda zai bar wa ita ba sai mai lambu. Wa ya fi shi sanin shuka? Da kansa ya rungumo ta ya kai masa, ya ce, "Maƙwabci, ga amana." Yana shirin ƙara bayani mai lambu ya yi dariya ya katse shi, wai shi za a koya wa rainon shuka?

Tun ranar farko abin da ya gani ya ba shi haushi. Ƙasar tukunyar duk yashi ce da tsakuwa, a bushe ƙamas, da ya zuba ruwa kuma sai ya ga yana zurarewa ta wata huda a gindi. Ya ce a ransa, Allah sarki, ashe baiwar Allahn nan da yunwa da ƙishirwa take rayuwa. Ya kwaɓa laka ya toshe hudar, ya ɗebo baƙar ƙasar fadama da taki ya cika mata, ya janye ta daga rana ya kai ta inuwa kusa da randa. Safe ruwa, yamma ruwa. Ba a daɗe ba ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, wata safiya ya tarar da wasu a zube. Sai ya ƙara ruwa. Washegari ganye ya ƙara zuba, shi ma ya ƙara ruwa. Tuwo ya daina yi masa daɗi, yana ban ruwa a lambu hankalinsa na gida. Yakan tsince ganyen da sauri ya cusa a aljihu kada matarsa ta gani. Da ya tsaya ya murza ko guda a yatsunsa, da ya gane. Ganyen da ƙishirwa ta kashe yanƙwanewa yake yi ya bushe, wannan kuwa ga taushi ga danshi, da an taɓa reshe sai ya faɗo. Amma bai duba ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Gogan naka da ke ciyar da kasuwa guda, a ji shi yana neman shawara a kan shuka ɗaya a tukunya? Ya gwammace ya ci gaba da kwarara mata ruwa yana addu'a.

Sai ga saƙo an sallami dattijon, suna hanya. Mai lambu ya tsugunna gaban tukunyar, 'yan ganye kaɗan suka rage a kan reshe guda. Ya kai hannu ya dafa gindin don ya gyara mata tsayuwa, babban yatsansa ya nutse ciki kamar ya danna ruɓaɓɓiyar gwanda. Wari ya buge shi, warin da ya sani sarai, na tumatirin da ambaliya ta kwana a kansa. Bai kai ga miƙewa ba ya ji sallama a zaure.

Dattijon ne, ido ɗaya rufe da auduga, ko gidansa bai shiga ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsoma yatsa a ƙasar ya ji ta caɓal, ya karkata tukunyar ya ga lakar da aka toshe hudar da ita. Ya zare itaciyar, saiwarta ta yi baƙi tana tsinkewa a hannunsa. Can ya ce a hankali, "Ɗiyar dutse ce. Ruwanta a cikinta yake. Ba a ba ta sai ƙasa ta bushe har ciki, kuma rana take so." Ya karɓi wuƙa ya bi rassan yana yanka yana dubawa, kowanne cikinsa ya ruɓe, har ya kai kan wani ɗan ƙarami da ya fito fari. Ya naɗe shi a gefen rigarsa, zai bar shi ya sha iska bakin yankan ya bushe, sannan ya soka shi a yashi, ko Allah zai sa ya kama. Abin da ya rage masa daga hannun matarsa ke nan, ɗan reshen da bai kai tsawon yatsa ba. Ya yi wa mai lambu sannu da ɗawainiya, ya fita yana laluben bango.

Mai lambu ya kasa ɗaga kai don kunya da baƙin ciki. Ko na yini ɗaya bai yi sakaci da amanar nan ba, kuma da sakacin ya yi da ta rayu. Ruwan da yake raya latas ɗinsa da shi, da shi ya kashe ta. Gaskiyar Hausawa da suka ce abincin wani gubar wani.