Tari a Bayan Ƙofa

Bayan da aka zura musu tsinken auduga a hanci a asibiti, mijinta ya karɓo sakamako ya yanke hukunci: mura ce mai zazzaɓi, ta kama su su biyu, dole su killace kansu kada jikoki su ɗauka.

Ita kam da kurkuku aka kai ta, da ya fi mata sauƙi. Rabonsu da maganar kirki tun ranar da ya gwale ta a gaban surukai. Yanzu ga su a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, ana ajiye musu abinci a bakinta kamar fursunoni. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Shi kuwa sai ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a goshi, ya miƙo magani, ko uffan ba ya cewa.

"Ko ciwo bai karya maka girman kai ba," ta ce.

Ya ci gaba da matse tsummansa.

Yana banɗaki wayarsa ta yi ƙara, ta ɗauka. Nas ɗin da ta gwada su ce.

"Mama, ya jiki? Ina fata Baba yana nesa da ke. Na gaya masa shi ba ya ɗauke da komai, kuma ga mai asma irinsa, wannan murar ba abin wasa ba ce."

Ta sauke wayar daga kunnenta.

A banɗaki famfo na ta zuba. Ta ƙarƙashin ƙarar ruwan ta jiyo tari, irin na wanda ya toshe baki da tawul don kada a ji.