Gwangwanayen Irin Jatau

Wata mata ce a bakin fadama ta rasa sunan mijinta a kasuwa, duk saboda ta raina guntun gawayi. Mijin, Jatau, irin albasa yake fitarwa, mai kyan da manoman rani kan yi tattaki su saya. Shi kuwa irin albasa ba ya jure ajiya. In ya wuce shekara, sai ya mutu a cikin gwangwani ido bai gani ba. Saboda haka Jatau yakan rubuta watan da ya sussuke kowane iri a gindin gwangwaninsa. Da ya rasu matar ta riƙe sana'ar, ta kuma riƙe ta gam, don duk mai taya kayanta sai ya yi gumi kafin ya ji ta ce ta sallama. Rubutun kaɗai ta bari. Karatunta bai wuce ta gane sunanta ba, kuma ba ta son a gan ta tana roƙon wani ya rubuta mata. Sai ta jera sabo a dama, tsoho a hagu, gwangwani iri ɗaya, murfi iri ɗaya, duka sunansu irin Jatau.

'Yarta, da ke aikin haɗa manhajar waya a birni, ta zo hutun sallah ta ga jerin. Ta ce, "Inna, mu ma haka ta taɓa cin mu. Mun fitar da manhaja mai matsala, muka gyara, muka sake fitarwa da suna ɗaya. Mutane na ta kuka, mun kasa gane wacce ce a wayar wa. Yanzu duk wadda muka haɗa, sai mun liƙa rana da sa'a a jikin sunanta. Ko zane ki riƙa yi da gawayi mana, na bana ɗaya, na baɗi biyu." Uwar ta taɓe baki ta ce, "Ke da wayarki. Da na haife ki ban rubuta rana ba, kuma ban taɓa ɗauko 'yar wani a madadinki ba. Hancina ya san na bana."

Da damina ta yi tsakiya ɗakin ajiyar ya yi yoyo, maƙwabta suka taya ta kwashe kayan a gurguje, dama da hagu suka cakuɗe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sansanawa, ta ji ƙamshinsu duk ɗaya ne. Ba ta gaya wa kowa ba. Lokacin yafa iri ya zo, wani manomi da ya daɗe yana saye a gidan ya ɗauki gwangwani uku. Ya gyara ƙasa, ya yafa, ya yi ta ban ruwa. Ɗaya ya tsiro, biyu ko ƙwaya. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya riga ta isa, wai irin Jatau ya mutu tare da Jatau.

Ranar kasuwar wani dillali ya zo ya tsuguna gaban gwangwanayenta arba'in. Ya ce, "Hajiya, ban ce duka matattu ne ba. Nuna mini na bana, in biya yadda kika yanka." Ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Ta san fiye da rabinsu masu rai ne, ita ta shanya su da kanta. Amma gwajin tsiro a jiƙaƙƙen tsumma sai ya ci kwana goma, lokacin yafawa kuma ba ya jiran kowa. Ta tuna gawayin da ke murhunta, wanda ko sisi ba a saye shi ba. Matar da ba a taɓa karya mata farashi ba ta janye hannunta ta ce, "Biya ni kuɗin gwangwanayen kawai. Irin na ba ka kyauta. Kada dai ka ce wa kowa na Jatau ne."

Shi ya sa masu iya magana suka ce, kama da wane ba ta wane.